SAYAR DA TSOHUWAR MOTA MAI BUKATAR GYARA: INA IYAKAR SHIRU?

Godiya ta tabbata ga Allah Maɗaukakin Sarki, Mai sanin abin da ke ɓoye da abin da ke bayyane. Tsira da aminci su tabbata ga Annabinmu Muhammadu, wanda mutanen Makka suka san shi da riƙon amana tun kafin a aiko shi, da alayensa, da sahabbansa, da waɗanda suka bi hanyarsu har zuwa ranar sakamako.

Bayan haka, ya ku 'yan'uwa matasa, da yawa daga cikinmu muna tsammani addini ya tsaya ne a bakin ƙofar masallaci. Saurayi ya gyara sallarsa, ya daidaita sahu, ya bar zuwa wurin boka da ɗan tsibbu, duk wannan alheri ne babba. Amma da zarar an shiga kasuwa sai ka ga mutum ya tuɓe Sunna ya ajiye, kamar yadda a ke tuɓe takalmi. Saboda haka na ga ya kyautu mu ɗauki mas'ala guda ta ciniki, mu bi ta daki-daki, mu ga abin da Shari'a ta ce.

Tambayar da aka kawo

Wani ɗan'uwa daga cikinmu, wanda neman abinci ya kai shi jihar Mishigan ta ƙasar Amurka, shi ya kira ni ta waya da wannan tambaya. Yana da wani maƙwabci, tsoho, Kirista. Tsohon yana da wata mota ƙirar Chevrolet Chevelle ta shekarar 1970, wadda ta daɗe a rufe cikin gareji ba a tuƙa ta. Da tsufa ya kama shi sai ya sayar wa ɗan'uwan nan namu ita da sauƙi. Kafin su rabu, tsohon ya zaunar da shi ya gaya masa abu uku. Na farko, tsatsa ta ci ƙarfen da jikin motar ke zaune a kansa, wanda bakanikai ke cewa shasi, wajen tayoyin baya. Na biyu, injin da ke ciki ba wanda aka ƙera ta da shi ba ne, na wata mota ne aka sa. Na uku, tambarin SS da ke jikinta shi ya saya ya liƙa tun yana saurayi, don sha'awa; asalin motar irin ta gama-gari ce.

Ɗan'uwan ya saye ta da niyyar ya riƙa gyarawa sannu a hankali. Ana nan sai aka aiko masa daga gida cewa mahaifiyarsa ba ta da lafiya, kuma likita ya ce sai an yi mata aiki. Ba shi da wata kadara sai motar nan. Wani abokinsa da ya san harkar ya ba shi shawara, ya ce: "Ka wanke ta, ka fesa baƙin fenti a ƙarƙashi inda tsatsar ta ke, ka ɗauki hoto inda tambarin zai fito sosai. Ka rubuta cewa tana bukatar gyara, kuma ana sayar da ita yadda ta ke. Kada ka ce SS ce, kada ka ce ba SS ba ce. Wanda ya ga tambari ya yi wa kansa fassara, ruwansa. Ran gwanjo kuma ni zan riƙa tayawa don farashi ya hau."

Sai ya ce mini: "Malam, ƙarya dai ba zan yi ba. Shiru kawai zan yi. Kowa ya san tsohuwar mota ce, shekararta ta haura hamsin. Masu sayen kuwa attajirai ne, kuma ba Musulmi ba ne. Ga mahaifiyata kwance. Ya halatta?"

To, wannan ita ce tambayar. Kafin mu amsa, dole mu san irin hajar da a ke magana a kanta, domin hukunci a kan abu yana biyo bayan fahimtarsa.

Wace irin mota ce wannan?

Tsakanin shekarar 1964 zuwa farkon shekarun 1970, kamfanonin mota na Amurka sun yi gasar ɗaukar babban inji mai silinda 8 su cusa shi cikin mota matsakaiciya, su sayar wa samari a farashin da za su iya saye. Mutanen can suna kiran irinsu da wani suna wanda ma'anarsa ita ce mota mai ƙwanji. Wadda a kan ce ita ta buɗe wannan ƙofa ita ce Pontiac GTO ta 1964. Daga baya aka sami su Dodge Charger, da Plymouth Barracuda, da Chevelle SS ɗin nan da mu ke magana. Domin ku gane girman abin: Peugeot 504 da iyayenmu suka sani, wadda aka riƙa haɗawa a Kaduna, injinta na fetur silinda 4 ne, kimanin lita 2. Babban injin Chevelle SS ta 1970 kuwa lita 7.4 ne, kuma mafi ƙarfinsa an rubuta masa ƙarfin doki 450.

Wannan zamani bai daɗe ba. Kamfanonin inshora suka tsauwala kuɗi a kan samari masu irin waɗannan motoci saboda yawan haɗari. A 1970 aka yi dokar rage hayaƙi. Sa'an nan a watan Oktoba na 1973, lokacin yaƙin Ramadan, ƙasashen Larabawa masu arzikin mai, ciki har da Saudiyya a zamanin Sarki Faisal, suka hana Amurka mai har zuwa watan Maris na 1974. Fetur ya yi tsada, aka yi ta dogayen layuka, motar da ke shan mai kamar raƙumi ta zama kaya. Da yawa aka jefar, wasu aka tura cikin gareji da rumbuna aka manta da su.

Da samarin wancan zamani suka manyanta suka yi kuɗi, sai suka komo neman motocin ƙuruciyarsu, ga shi kuwa sun yi ƙaranci. Farashi ya tashi. A 2014 an sayar da wata Plymouth Hemi Cuda ta 1971 a gwanjo a kan dala miliyan 3.5. A watan Janairu na 2020, a jihar Fulorida, an sayar da wata Ford Mustang ta 1968, wadda aka taɓa amfani da ita a wani fim, a kan dala miliyan 3.74, alhali ba a sabunta ta ba, fentinta ya koɗe, ga lotsawa a jikinta.

Ku lura da wannan na ƙarshe da kyau. Me mutumin ya biya waɗannan miliyoyi a kai? Ya biya ne a kan asalin motar da tarihinta. A wannan kasuwa asali shi ne rabin haja, wani lokaci ma fiye da rabi. Motoci biyu za su tsaya kusa da juna, launi ɗaya, shekara ɗaya, amma a sayi ɗaya ninkin ɗaya, don ita ta fito daga kamfani a matsayin SS kuma har yanzu injinta na asali ne. Ana gane wannan ta lambar da aka buga a jikin inji, in ta dace da lambar motar. Amma Chevelle ta 1970 tana da wata matsala: lambarta ba ta nuna ko SS ce ko ba SS ba ce. Sai in an yi sa'a an tarar da takardar kamfani da ma'aikata kan bari a ƙarƙashin kujera ko a bisa tankin mai. Ta wannan kafa ce 'yan damfara ke shiga, kuma ita ce kafar da abokin nan ya nuna wa ɗan'uwanmu.

Asalin hukunci

Mu fara da abin da ya halatta, don kada wani ya ce malamai ba su san komai ba sai haramtawa. Sayar da mota matacciya halal ne. Sayar da wadda tsatsa ta cinye halal ne. Sayar da wadda aka canja wa inji, aka liƙa wa tambarin da ba nata ba, shi ma halal ne. Neman farashi mai kyau halal ne, kuma ba a wajabta maka ka faɗi nawa ka saya ba, matuƙar ba a kan faɗin uwar kuɗi kuka ƙulla cinikin ba. Wanke ta da share ƙura ba laifi. Shari'a ba ta hana ka sayar da abu mai aibi ba. Abin da ta hana shi ne ka san aibin, ka bar mai saye cikin duhu, ka karɓi kuɗin lafiyayye.

Imam Muslim ya ruwaito daga Abu Huraira, Allah Ya yarda da shi, cewa Manzon Allah (S.A.W.) ya wuce wani mai sayar da abinci a kasuwa, ya cusa hannunsa cikin tarin, sai yatsunsa suka ji danshi. Ya tambayi mai kayan, shi kuwa ya ce ruwan sama ne ya taɓa shi. Annabi (S.A.W.) ya tuhume shi a kan rashin ɗora jiƙaƙƙen a sama inda mutane za su gani, kuma ya sanar da shi cewa mai algus ba ya tare da shi.

Bukhari da Muslim kuma sun ruwaito daga Hakimu ɗan Hizamu cewa albarkar ciniki tana rataye ne da abu biyu, gaskiya da bayyanawa, kuma abin da ke shafe ta abu biyu ne, ƙarya da ɓoyewa. Ku duba yadda aka jera ɓoyewa kafaɗa da kafaɗa da ƙarya.

Malamanmu na mazhabar Maliku sun ba mu ma'auni mai sauƙi. Risala ta Ibn Abi Zaid, wadda a ke karantawa a zaurukanmu tun kaka da kakanni, ta hana mai sayarwa ya ɓoye duk wani abu game da hajarsa wanda in ya faɗa mai saye zai ƙi ta, ko kuwa kuɗinta zai ragu. To, ɗan'uwa, auna abubuwan nan uku da wannan ma'auni. In ka faɗi tsatsar shasi, kuɗi zai ragu? Zai ragu. In ka faɗi canjin inji? Zai ragu. In ka faɗi labarin tambari? Nan ma ya fi raguwa. Ashe kuwa duka ukun wajibi ne ka faɗa. Hasali ma raguwar kuɗin da ka ke tsoro ita ce shaidar cewa faɗin ya wajaba a kanka.

Shubuha ta farko: "Ban yi ƙarya ba, shiru na yi"

Koma ka sake duba hadisin mai abinci. Wace ƙarya mutumin ya yi da bakinsa? Babu. Da aka tambaye shi ma gaskiya ya faɗa. Laifinsa shi ne ya jera kayansa yadda ido zai ga busasshe, ya bar jiƙaƙƙe a ƙasa. Hannunsa ne ya yi ƙaryar da bakinsa bai yi ba.

Haka nan Annabi (S.A.W.) ya hana a bar raƙuma ko tunkiya kwana da kwanaki ba a tatsa ba domin hantsarta ta cika, mai saye ya ɗauka mai yawan nono ce. Ya ba wanda aka yi wa haka zaɓi bayan ya tatsa: ko ya riƙe ta, ko ya mayar tare da sa'i guda na dabino. Shi ma mai wannan dabara bai ce uffan ba. Ya bar hantsa ta yi masa magana.

Baƙin fentin da za ka fesa a kan tsatsa, da filar da masu gyaran bodi ke cike rami da ita a shafe da fenti har sai an kawo maganaɗisu kafin a gane, da hoton da ka ɗauka don tambari ya fito, duk hantsar nan ce. Kai ka san abin da mai saye zai fahimta in ya ga haruffan nan biyu. Don ya fahimci hakan ne ma ka ɗauki hoton. Allah kuwa ba lafazi kaɗai Ya ke dubawa ba, Yana duba abin da ka nufa.

Game da tayin da abokinka zai yi ba da niyyar saye ba, wannan shi ne najashu, kuma an hana shi cikin hadisin Abdullahi ɗan Umar wanda Bukhari da Muslim suka fitar. Shi mai tayin ya yi zunubi, kai da ka yarda ka yi tarayya da shi.

Shubuha ta biyu: "Ai na ce tana bukatar gyara, kuma yadda ta ke na sayar"

Wannan ita ce shubuha mafi ƙarfi, kuma ba yau aka fara ta ba. Malamai suna kiranta sharaɗin kuɓuta daga aibi, watau mai sayarwa ya ce ba ruwansa da duk abin da aka gani daga baya.

Imam Maliku ya kawo a cikin Muwaɗɗa cewa Abdullahi ɗan Umar ya sayar da wani bawa a kan dirhami 800 bisa wannan sharaɗi. Daga baya mai saye ya ce ya tarar da cuta wadda ba a faɗa masa ba. Aka kai ƙara gaban Halifa Usmanu ɗan Affan. Usmanu bai ce ai akwai sharaɗi, magana ta ƙare ba. Ya nemi Ibn Umar ya rantse cewa lokacin da ya sayar bai san da cutar ba. Ibn Umar ya ƙi yin rantsuwa, ya gwammace ya karɓi bawansa ya mayar da kuɗi. To, me ya sa Usmanu ya nemi rantsuwa a kan sani? Domin sharaɗin yana iya kare ka ne daga abin da ba ka sani ba. Abin da ka sani ka rufe, babu sharaɗin da zai wanke ka. Gaskiya ne malaman mazhabobi sun saɓa a kan yadda alƙali zai yi da irin wannan sharaɗi, amma saɓaninsu bai halatta wa kowa ɓoye aibin da ya sani ba.

Mukhtasar na Shehu Halilu ya ƙara da cewa wajibi ne mai sayarwa ya rarrabe aibin da ya sani filla-filla, ko ya nuna shi ido da ido, kada ya dunƙule shi. "Tana bukatar gyara" dunƙulewa ce. Mota mai bukatar sabon batir tana bukatar gyara. Mota mai ruɓaɓɓen shasi ita ma tana bukatar gyara. Tsakaninsu kuwa akwai tazarar dubban daloli, kai, akwai ma tazarar rai da mutuwa. Ka yi tunanin mutumin nan ya tayar da injin, ya ɗauki ɗansa su ɗan zaga, ya taka mai a babban titi, ƙarfen da ke riƙe da tayoyin baya ya balle. Ranar nan me "yadda ta ke" za ta amfana maka a gaban Allah?

An ruwaito cewa an sayar da wata raƙuma a gidan sahabi Wasilatu ɗan Asƙa'u. Da mai saye ya tafi da ita, Wasilatu ya bi shi da sauri ya tambaye shi ko don nama ya saya ko don tafiya. Ya ce don aikin Hajji ne. Sai ya nuna masa wani rauni a tafin ƙafarta. Ka ga, aibi yana bin abin da mai saye ke nufi. Wanda ke son kayan gyara ya wargaza motar, tsatsar shasi ba za ta dame shi sosai ba. Wanda ke son ya hau, ita ce komai. Wanda ke tara na asali, tambari da inji su ne komai. Tun da ba ka san wa zai saya ba, faɗi duka.

Shubuha ta uku: "Ba Musulmi ba ne, kuma yana da kuɗi"

Subhanallahi! A cikin Suratu Ali Imrana, aya ta 75, Allah Ya zargi wasu daga Ma'abota Littafi da cewa suna cinye amanar wanda ba nasu ba, suna raya cewa babu laifi a kansu, kuma Ya bayyana cewa ƙarya su ke yi wa Allah. Yanzu mu ne za mu ɗauki wannan hali mu sa masa rawani?

Lokacin Hijira, mutanen Makka suna neman ran Annabi (S.A.W.), amma ya bar Aliyu ɗan Abu Ɗalib a baya domin ya mayar musu da ajiyarsu. Mugiratu ɗan Shu'uba kuwa, kafin ya musulunta, ya yaudari abokan tafiyarsa ya kwashe dukiyarsu. Da ya zo Madina, Annabi (S.A.W.) ya karɓi musuluncinsa, ya ƙi taɓa dukiyar. Kai kuma da ka shiga ƙasar mutane da biza, ka shiga ne da alkawarin aminci, kuma Musulmi ba ya warware alkawari.

Akwai abin da ya fi wannan ciwo. Wa ya gaya maka aibobin nan uku? Tsohon nan Kirista. Da ya yi shiru da ba ka sani ba. Shi ya yi maka mu'amala irin ta Sunna bai san sunanta ba, kai mai salla biyar kana neman fatawar da za ka yi wa na gaba abin da shi bai yi maka ba. In mai sayen ya gano daga baya, kuma ramin ƙarya ƙurarre ne, sunanka na Musulmi shi zai riƙe, shi zai gaya wa 'ya'yansa. Yawan kuɗinsa kuwa bai mayar da su naka ba.

Shubuha ta huɗu: "Lalura ce"

Ba na raina halin da ɗan'uwan nan ke ciki. Uwa uwa ce, kuma wanda bai taɓa tsayawa a bakin asibiti da takardar kuɗi a hannu ba, kada ya yi saurin magana. Amma lalurar da ke halatta haram ita ce wadda ba wata ƙofa sai ita. Nan kuwa akwai ƙofofi: a sayar da motar da kuɗinta na gaskiya, a nemi rance marar ruwa, a faɗa wa 'yan'uwa da jama'ar masallaci. Roƙon taimako a fili ya fi cin haƙƙin wani a ɓoye. Sa'an nan ka tuna kana ɗaga hannu kana roƙa wa mahaifiyarka sauƙi, alhali Annabi (S.A.W.) ya ba da labarin matafiyi mai ƙura a jiki da ke ɗaga hannu sama, amma cinsa da shansa da tufafinsa haram ne, ya nuna nisan a amsa masa. Kada ka biya likita da abin da zai toshe maka addu'a.

Mai saye ma ba a ƙyale shi ba

Kada a ɗauka wa'azin na mai sayarwa ne kaɗai. A wannan kasuwa akwai masu yawo ƙauye-ƙauye suna neman tsohuwar da mijinta ya mutu ya bar mota a rumbu. Sun san ta asali ce, sun san abin da za ta yi a gwanjo, sai su ce mata tarin ƙarfe ne, za su taimaka su kwashe. Wannan ma ha'inci ne. An ruwaito cewa an sayo wa sahabi Jariru ɗan Abdullahi doki a kan dirhami 300, da ya ga dokin ya fi haka sai ya yi ta ƙara wa mai shi har 800, domin ya yi wa Annabi (S.A.W.) mubaya'a a kan yi wa kowane Musulmi nasiha. Saye da araha halal ne, amma kushe kaya da ƙarya don a karya mai shi haram ne.

Abin da na ce ya yi

Na ce masa ya yi abu biyar. Na ɗaya, ya rubuta aibobin nan uku ƙarara, kowanne da sunansa da wurinsa. Na biyu, kada ya fesa komai a kan tsatsar. Ya ɗauki hotonta yadda ya ɗauki hoton gaban motar. Na uku, abin da bai sani ba ya ce bai sani ba. Misali, mitar tafiya ta irin waɗannan motoci lamba biyar gare ta, in ta kai mil 99,999 sai ta koma sifiri, don haka kada ya ce abin da ta nuna shi ne iyakar tafiyarta. Na huɗu, ya bar mai saye ya kawo bakanikensa, a ɗaga ta a duba. Na biyar, ya hana abokinsa tayin ƙarya, shi kuma ya kiyaye bakinsa daga rantsuwa. Bayan wannan ya faɗi alherin motar iyakar gaskiya, ya tsaya a kan farashinsa, wanda ya yi tayin da bai yi masa ba ya ce albarka.

Ya yi shiru a waya har na ɗauka layi ya yanke. Daga baya ya ce zai yi.

Ba zan ce muku ya sami ninki ba. Bai samu ba. Masu neman SS duk suka watse. Wani mai aikin walda ne ya saya, wanda ya kwanta a ƙarƙashinta da fitila ya ga tsatsar da idonsa, ya ce aikinsa ke nan. Kuɗin bai kai na asibiti ba, sai da ya ciyo bashi ya cika, kuma lokacin da muka yi magana ta ƙarshe yana kan biya. Gaskiya ne, bawan nan da aka mayar wa Ibn Umar ya warke, har ya sake sayar da shi a kan dirhami 1,500. Allah Yana yin haka in Ya so. Amma wanda ya faɗi gaskiya don yana jiran 1,500 a gobe, ciniki ya ke yi da Allah bisa sharaɗi. Albarka wani lokaci kuɗi ce, wani lokaci kuwa ita ce waya ta yi ƙara gabanka bai faɗi ba, kuma ran da za a tsayar da kowa ba wanda zai riƙe maka wuyan riga.

Mu dawo gida

Wani zai ce, mu ina ruwanmu da motar Amurka ta 1970? To, motocin da a ke saukewa a Ikko da Kwatano su iso kasuwanninmu, da yawansu daga Amurkar su ke, kuma a cikinsu akwai waɗanda suka yi haɗari ko ambaliya ta shanye, aka gyara fuska aka turo. Dillalin da ya san haka ya ce "ga ta nan, ka duba da idonka", shi da abokin nan na Mishigan hukuncinsu ɗaya. Haka mai sayar da babur da ya zuba mai mai kauri don inji ya daina ƙara, da mai sayar da waya da aka canja wa gilashi ya ce ba a taɓa buɗe ta ba. La'adar da aka ci ta wannan hanya haram ce. Wasu ma har laya su ke sa wa a mota wai don ta yi saurin fita, sun haɗa shirka da zamba a ciniki guda.

Wanda ya riga ya aikata, ƙofar tuba a buɗe ta ke, amma haƙƙin mutum ba ya faɗuwa da istigfari kaɗai. Ka nemi wanda ka sayar wa, ka gaya masa, ka ba shi zaɓi: ko ya mayar da kaya ya karɓi kuɗinsa, ko ku daidaita a kan bambancin, ko ya yafe da yardarsa. In ya rasu, magadansa. In ka neme shi iyakar ƙoƙari ba ka same shi ba, ka yi sadaka da bambancin a madadinsa.

Ya ku matasa, kafin ka sallama kowace haja, tambayi kanka abu ɗaya: akwai abin da na sani wanda in da ni ne mai saye zan so a gaya mini? In akwai, faɗi, ko da kuɗi zai ragu.

Allah Ya ba mahaifiyar ɗan'uwanmu lafiya, Ya biya masa bashinsa. Allah Ya wadatar da mu da halal ɗinSa ga barin haram ɗinSa, Ya sa mu cikin 'yan kasuwa masu gaskiya da amana, Ya gafarta mana da iyayenmu da malamanmu. Abin da na faɗa daidai daga Allah ne, kuskure kuwa daga gare ni ne da Shaiɗan.

Wassalamu alaikum wa rahmatullahi wa barakatuhu.